Tukunyar Isuhu da Rakiyar Alhaji

Da daminar bana ƙanena Isuhu ya cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Duk shekara nakan soya waina in raba sadaka in ja bakina in yi shiru, domin a gidanmu ba a son tone-tone. Bana shirun ya ƙi zama. 'Yarsa Zulai, wadda na riƙe tun tana 'yar shekara shida, ta gama sakandare, jami'a ta ba ta gurbin karatun kemistiri irin na ubanta, dangi kuma suka ce ba da su ba. Hujjarsu guda ce, wai wannan karatun ne ya ci Isuhu, shi da taurin kansa da gangancinsa. Na daɗe ina jin wannan magana a wajen suna da biki ina haɗiyewa. Ina wurin ranar da abin ya faru, kuma ba haka aka yi ba.

Mu 'yan Tudun Wadar Minna ne. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanmu Minna daga Zariya, ya ƙare da sayar da atamfa, 'ya'yansa duka suka bi kasuwa. Mahaifinmu bai yi tsawon rai ba, sai ƙaninsa, wanda kowa ke kira Baffa, ya zama uban gida. Ni na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Isuhu ne autanmu, tazarar da ke tsakaninmu ta isa in goya shi, kuma na goya shi har bayana ya san nauyinsa. Tun yana ƙarami maɓarnaci ne, babu cokalin roba ko murfin kwano da ya tsira daga gwaje-gwajensa a bakin murhu. Ya yi digiri biyu a kan haɗa roba, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, sannan ya zo ya durƙusa ya ce in ara masa bayan gidana da ke kan hanyar Gwada. Lokacin maigidana ya rasu, gidan ya yi mini faɗi, sai na ce ya kwaso matarsa da 'yarsa ma su dawo.

Abin da ya sa a gaba shi ne robar nan garai-garai mai kama da gilashi, wadda masu rubuta allon shaguna ke yankawa su yi haruffa da akwatin fitila. Daga Legas ake kawo ta a lokacin, kafin ta iso Minna rabi ta tsage a mota. Isuhu ya ce shi a nan zai dafa ta. Na ce ashe duk karatun nan girki aka koya maka, ai da ka faɗa da na koya maka kyauta. Ya kafa rumfar kwano a jikin ɗakinsu, ya jera fallayen gilashi, ya ajiye baho biyu, ɗaya na ruwan zafi, ɗaya na ruwan ƙanƙara. Ni kuma na mayar da bakin rumfar wurin ɓarar gyaɗata, saboda haka na ga aikin nan ya fi a ƙirga.

Kayan aikin wani ruwa ne tsararo kamar kananzir, mai wari mai hawa kai. Zai zuba shi a tukunyar ƙarfe, ya barbaɗa masa ɗan farin gari, ya tsoma tukunyar a bahon ruwan zafi, ya yi ta juyawa. Da farko babu abin gani, mutum har hamma zai yi. A hankali ruwan ya fara yauƙi, ya doshi kaurin zuma. A nan Isuhu ke canzawa. Mutumin da ke ta zuba yana tsokanata sai ya yi tsit, ido a kan ma'aunin zafi, ko sallama aka yi da ƙyar yake amsawa. Da ya ga abin da yake jira sai ya sa tsumma ya fizge tukunyar ya jefa ta a ruwan ƙanƙara. In ta huce ya tsiyaya abin da ke ciki tsakanin gilasai biyu, ya bar shi ya daskare sannu a hankali a ruwan ɗumi.

Ni da na fara tuƙa tuwo tun ina budurwa, abin da na sani shi ne in abu ya yi kauri ya kusa, sai a rage wuta, a rufe, a je a yi wani aikin. Na tambaye shi me ya sa shi sai tukunyarsa ta yi kauri yake firgita. Ya yi mini bayanin da har gobe zan iya maimaita shi, ni da lissafi ma da ƙyar na tsallake shi a makaranta.

Ya ce ruwan nan cike yake da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Garin da yake barbaɗawa shi ke tayar da su, wannan ta kama wannan, ta kama ta gaba, har su zama dogayen sarƙoƙi, robar kuma ba komai ba ce illa tarin waɗannan sarƙoƙi. Kowace sarƙa tana da baki guda mai ci, da shi take kamo sabuwar ƙwaya ta ƙara tsawo, kuma duk kamu ɗaya yana fitar da ɗan zafi. Abin da ke kashe wannan bakin shi ne ya gamu da bakin wata sarƙar, in sun gamu dukansu biyu su daina ci. Muddin ruwan yana tsararo, sarƙoƙi suna yawo, suna gamuwa, suna mutuwa daidai da yadda sababbi ke tashi, aikin yana tafiya a natse.

Sai ya ce in tuna layin 'yan hatsi a Kasuwar Kure ranar da ta cika maƙil. Mai dakon dogon rodi ko juyawa ba ya iya yi, balle ya ratsa ya iske wani mai rodin a can gefe, amma wanda ba ya ɗauke da komai sai ya bi ta ƙarƙashin hammatar mutane ya wuce abinsa. Haka cikin tukunya in ta yi kauri. Sarƙoƙi sun yi tsawo, sun harɗe da juna, babu mai iya motsawa ta iske 'yar'uwarta, don haka babu mai mutuwa. Ƙananan ƙwayoyin kuwa suna ta ratsawa suna kai kansu ga bakunan. Masu ci suna ƙaruwa, zafi yana taruwa, kaurin ya hana zafin fita gefe, zafin kuma ya ƙara ingiza aikin. Abin da ya daɗe yana jan ƙafa sai ya zabura lokaci guda. In ba a sanyaya shi ba, ragowar ruwan ya tafasa, ya yi kumfa, ya ta da tururi, tururin nan kuwa yana kama wuta kamar fetur. Sai can ƙarshe, in robar ta ƙame ƙam har ƙananan ma sun rasa hanya, sannan komai ya tsaya don kansa.

"Yaya, tuwonki in ya yi kauri ya gama faɗa," in ji shi. "Nawa a nan yake fara nasa. Ko an sauke shi daga wuta ba ya fasawa, don wutar a cikinsa take."

Akwai abu guda da zan ba masu cewa ganganci, don kada a ce na rufe ido saboda ƙanena ne. Yana da na'urar ɗumama ruwa ta lantarki, wutar ce babu. Madatsar Shiroro tana nan a hancinmu, amma unguwarmu sai ta yi kwanaki ba ta ga ƙyallin ƙwan lantarki ba. Dole ta sa yake ɗumama bahon da murhun gas, kuma ya fi kowa sanin cewa harshen wuta bai dace da wannan rumfa ba. Kullum maganarsa ke nan, ya samu wuri mai tsayayyar wuta ya jefar da murhun. Baffa ne ya ce yana da aboki, wani Alhaji mai injin casar shinkafa, yana da babban janareto da ɗakin ajiya da ba a amfani da shi. Ya ce zai turo shi ya ga aikin.

Alhaji ya zo, ya ɗaga fallayen roba yana hango rana ta cikinsu, ya yaba. Ya tashi tafiya daidai lokacin da tukunyar ranar ta fara kauri. Isuhu bai ɗago kai ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, tukunyar nan ba ta baruwa yanzu. Allah ya kai ka lafiya." Alhaji ya taka shi kaɗai har bakin ƙofa, ni na bi shi da gudu ina gyara mayafi, amma rakiyar mace ba ta goge abin da ya riga ya shiga ransa ba. Kafin magariba saƙo ya isa Tudun Wada cewa yaronku yana da ilimi amma ba shi da tarbiyya.

Baffa ya tara mu a zaure, har da ƙananan yara, ya wanke Isuhu tas. Ya ce a gidan nan ba a taɓa barin baƙo ya nemi ƙofa da kansa ba, kakanmu har tasha yake raka mutum ya tsaya sai jirgi ya ɗaga. Isuhu ya fara bayanin sarƙoƙi, Baffa ya ɗaga masa hannu ya ce tukunya ba ta fi mutum ba. Na sa baki, aka ce in yi shiru, ni na ɓata shi da goyo. Aka sa shi ya je ya durƙusa wa Alhaji, aka kuma sa shi ya yi alkawari a gaban kowa cewa ba zai ƙara ba. Ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Mutumin da ake kira mai taurin kai ke nan.

Sai da damina ta zagayo kafin Alhaji ya huce. Wannan karon tare da Baffa suka zo. Isuhu ya yi dabara, ya ce ranar ba zai ɗora komai ba, ya jera gamammun fallaye kawai. Alhaji ya ce a'a, yana so ya ga yadda ake yi tun daga farko, don abokin kasuwancinsa zai tambaye shi. Babu wuta, Isuhu ya kunna gas. Alhaji ya zauna yana amsa waya, warin yana damunsa, yana toshe hanci da bakin babbar riga. Ruwan yana fara yauƙi ya dubi agogo ya miƙe, ya ce ya gamsu, a zo a duba ɗakin ajiyar. Ya miƙa hannu ya kama na Isuhu, irin riƙon nan na manya da ba a saki sai an gama magana, ya nufi ƙofa da shi.

Na ga Isuhu ya dubi tukunya, ya dubi Baffa. Baffa kai kawai ya karkata wajen ƙofa. Fizge tukunyar nan sai da hannu biyu, hannunsa na dama kuwa yana cikin na Alhaji. Ya miƙa na hagu ya murɗa gas, ya ɗauka ya mutu, ashe ɗan harshe ya rage. Na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Bakin ƙofa kawai." Ni kuma Baffa ya ce in ɗauko doyar da aka tanada wa baƙo in biyo su, saboda haka babu wanda ya saura a rumfar.

Ruwa ya cinye lungunmu a shekarar, mota ba ta shigowa, a can bakin titi aka ajiye ta. Alhaji yana tafe yana tsara yadda za a gyara ɗakin, inda za a ja waya, maganganu masu daɗi duka, hannun nan bai sake shi ba. Da muka isa mota Baffa ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya yi wa Alhaji, ya yi wa iyayensa, ya yi wa injinsa, ya yi wa zumuncin da ke tsakani. Wa zai juya baya ana addu'a? Ina kallon Isuhu yana jera amin tun kafin a kai gaɓa. Ana shafawa ya zura da gudu, har Alhaji ya yi dariya ya ce yaron nan da son aiki yake.

Abin da ya tarar, daga baya ya faɗa mini a asibiti. Tukunyar ta riga ta yi kumfa tana ambaliya. Jarkokin ɗanyen ruwan suna jingine a rumfar, Zulai da uwarta kuma suna bayan bangon. Ya naɗe hannu da tsumma ya ɗaga ta, tururin ya taɓa ɗan harshen nan. Bai yar da ita a wurin ba, ya fito da ita tsakar gida tana ci, abin da ke ciki ya manne masa a hannu da ƙirji, irinsa kuwa ba ya goguwa. Lokacin da na iso, doyar mutane da ban kai ga sakawa a mota ba ban ma san na watsar da ita ba. Ya yi 'yan kwanaki yana jin jiki kafin rai ya yi halinsa. Bai zargi kowa ba, abu guda ya yi ta maimaita mini: "Yaya, na san lokacin. Wallahi na san lokacin sarai."

A zaman makoki Alhaji ya aiko da buhunan shinkafa, ya zo da kansa, ya ce shi tun ranar farko ya lura yaron yana wasa da wuta. Baffa ya ce ya sha gaya masa ya bar wannan aikin ya shigo kasuwa kamar kowa, bai ji ba. Babu wanda ya ambaci rakiya. Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya shiga kunnena, wani ɗan ƙabilar Gbagyi mai rubuta allon shaguna da ke sayen kaya a wurinsa. Ya tsuguna nesa da tabarmar maza ya ce, "Mama, kaninka ba shi wasa da tukunya nan. Ni na sani. Wani abu ne ya cire shi wurin." Na ce masa haka ne.

Ni musulma ce, na yarda kwanan Isuhu ne ya ƙare. Amma in za a ce ƙaddara, a ce ƙaddara a yi shiru. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a raba abin biyu, masu rai su ɗauki ƙaddara su lulluɓa, a bar wa mamaci ganganci, don shi ba zai tashi ya musa ba.

Nakan zauna in ce da zai leƙo Minna yau, me zai gani? Zai ga faifan sola a kan rufin kowa, har nawa, ƙaramin da ke juya mini fanka da firji. Da ya samu irinsa da bai nemi ɗakin kowa ba, da bai durƙusa wa kowa ba. Zai ga robar da ya ƙone a kanta jibge a shaguna, an kawo daga ƙasashen waje, babu mai tambayar ko an taɓa dafa ta a garin nan. Zai ga yaran da suka yi karatu irin nasa zaune ƙarƙashin lema a bakin titi suna cire wa mutane kuɗi da ɗan inji. Abin da zai fi ba shi dariya, irin dariyarsa ta gefen baki, shi ne rakiyar kanta. Je ka gidan manyan yanzu, in ka tashi tafiya yaran gida suna kwance a kujera ido a waya, su ɗaga maka yatsu biyu, ka nemi ƙofa da kanka, kuma babu zaman da ake kira a zaure. Jikokin Baffa ma haka suke yi. Ni har yau ina raka baƙona, ina kuma son a raka ni, al'ada ce mai kyau. Sai dai an sa ta a ma'auni da ran mutum aka ce ta fi nauyi, ga shi ko shekara goma ba ta ƙara yi da ƙarfinta ba.

Uwar Zulai ta sake aure a Kontagora ta bar mini ita. Yarinyar ta tashi tana jin ana cewa ubanta ya ƙona kansa da haukan boko. Akwai ranar da ta dawo daga biki tana 'yar firamare ta tambaye ni ko gaskiya ne Babanta ba shi da hankali. Duk da haka kemistiri ta fi ci a makaranta, ba tare da kowa ya tura ta ba. Da gurbin nan ya fito, surutu ya tashi, na zaunar da ita na faɗa mata komai, da sarƙoƙin, da murhun gas, da hannun, da addu'ar. Da na gama sai ta tambaye ni:

"Goggo, da ya zare hannunsa, me za a ce?"

Na ce za a ce ba shi da tarbiyya.

"Amma da yana nan."

Na ce da yana nan, in Allah ya so.

Na gaya mata karatun nan da fanshona za a yi shi, ba izinin kowa muke nema ba, za mu je Tudun Wada ne mu gaida Baffa mu sanar da shi don girmamawa. Muka je ranar Juma'a bayan an sauko, zauren cike da dangi. Baffa ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, kuma shi ko wasan jika da kaka bai taɓa yi ba. Zulai ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce shi ya sa ubanta a kabari da hannunsa, ba zai iya jure na biyu ba. Ya ce in dai shi uban ubanta ne, ta bar wannan karatun ta nemi wani. Na yarda hawayen nan na gaskiya ne, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Idon kowa ya koma kanta. Ta ɗago ta dube ni, na girgiza mata kai. Ta sunkuya ta ce, "To, Baffa."

A cikin keke muna dawowa ban yi mata faɗa ba, tambayarta kawai na yi me ya sa. Ta ce, "Goggo, a gaban mutane ya faɗa, kuma yana kuka. Ya zan yi?" Ta je ta canza zuwa karatun akanta, ta kwashe littattafanta na kemistiri ta bai wa wata ƙawarta.

Shekara goma sha biyu ina auna abin da ya rage na Isuhu. Rumfar na rushe ta, gilasan na rabar, ilimin ya bi shi ƙasa in ban da ɗan abin da ya maƙale a kan tsohuwar malamar firamare. Na ɗauka Zulai ce ragowar, na kuma ɗauka in na wanke sunansa a wurinta komai zai daidaita. Sunan kuwa ya wanku, ta hanyar da ban nema ba. Yanzu duk dangi yabon yarinyar suke yi. Makon jiya matar ɗan Baffa ta zo mini da albishir, wai Baffa ya faɗa a zaure cewa duk cikin jikokinsa babu mai ladabin Zulai, ubanta ta gado, shi ma Isuhu yaro ne mai jin magana. Wannan ne alheri na farko da ya fito daga bakinsa a kan ƙanena tun da muka binne shi. Da na san da abin da za a sayi wannan yabon, da na gwammace a ci gaba da zaginsa.